Yadda Kara ta Hana Baba Komawa Gida

Duk shekara, idan Babbar Sallah ta wuce da 'yan kwanaki, ƙungiyarmu kan yi taronta a wani falo da muke haya a Madinat Nasr, can saman bene, a gidan da lif ɗinsa ya mutu tun kafin in zo Masar. Maza a gaba kan kafet, mu mata a baya wajen ƙofar kicin, tururin shinkafa yana dukan bayanmu. Idan an gama bayanin ayyukan shekara, sai shugabanmu, wanda babba da yaro ke kira Baba, ya dafa bango ya miƙe, ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce, "Jama'a, na tsufa. Ku nemi wani ya karɓe ni. Ina so in koma gida."

Kafin ya rufe baki falon ya ɗauka. "Haba Baba!" "Subhanallahi, ka bar mu da wa?" "Wallahi ba mu yarda ba!" Akwai wani dattijo ɗan kasuwa da ba ya fashin kuka a wannan gaɓar, har mun san lokacin da zai laluba aljihu ya ciro hankici. Baba sai ya tsaya ya dube mu, ya mayar da tabaransa, ya ce, "To, Allah ya taya mu." A shafa fatiha, a shigo da farantai.

Na shekara da yawa ina ganin wannan, kuma a wurina wani ɓangare ne na taron kawai, kamar addu'ar buɗewa. Haka muka taso muka gani a gida: babba ya ce ya gaji, yara su ce ba su yarda ba. Shi ya nuna ba ya kwaɗayin kujera, su kuma sun nuna ba su gaji da shi ba, kowa ya fita kunyar kowa.

Aikin ƙungiyar ba mai ƙyalli ba ne. Mutanenmu na Nijeriya da Nijar suna zuwa Alƙahira neman magani, wani da ciwon ƙoda, wani da ido, wata da ciwon da ba a son faɗin sunansa. Yawancinsu ba sa jin Larabci, wanda ma ya yi karatun littattafai a gida, idan Bamisire ya buɗe masa wuta sai ka ga ya saki baki. Ɗalibanmu ne ke tarar su a filin jirgi, su nema musu ɗaki, su tsaya tsakaninsu da likita. Mu mata mu dama kunu, mu tuƙa tuwo da miyar kuka mu kai asibiti, don marar lafiyan da ya ture abincin asibiti yakan buɗe baki idan ya ji ƙamshin daddawa. Idan kuma kwana ya ƙare, ƙungiya ce ke wanka, ta karɓo takardun asibiti da na ofishin jakadanci da izinin binnewa, ta kai mutum makwancinsa.

Baba ne ya fara wannan duka. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, karatu ya kawo shi yana saurayi, ya gama, ya tsaya yana 'yar sana'ar littattafai. An ce wani bawan Allah ne ya rasu a asibiti ya daɗe a ɗakin ajiyar gawa ba mai nemansa, Baba ya ji labari ya je ya karɓe shi, daga nan bai ƙara hutawa ba. Kabarin yawancin Misirawa ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, a buɗe a shigar da mutum kusa da waɗanda suka riga shi. Hankalin mutanenmu ba ya kwanciya da haka. Baba ya yi ta zirga-zirga har ya samo mana wani gefe a wata maƙabarta can bayan gari, ta hanyar hamada, inda ake haƙa irin namu, kowa da raminsa.

Ni kuwa daga Zariya na zo, na biyo maigidana da ya zo karatu. Da Larabcina ya nuna, sai na sami aikin tafinta a wani ofishin agaji a Ma'adi, ina fassara wa matanmu masu aikatau a gidajen mutane. Kullum da safe in kama mikrobas zuwa tashar metro, in sauka cikin unguwar nan mai itatuwa da karnuka masu igiya a wuya. Ofishin akwai son taron ƙara wa juna sani. Yau a koya mana yadda ake auna amfanin aiki, gobe yadda ake magana da masu ba da tallafi. Yawanci gyangyaɗi nake, ba zan ɓoye ba.

Wata rana aka kawo wata Bamisiriya mai kakkausar murya ta yi mana magana a kan miƙa shugabanci. Ta ce babbar cutar ƙungiyoyin taimako ita ce wanda ya kafa su. Ya fara da kyakkyawar niyya, sai ya manne wa kujera, komai sai da shi, ran da ya faɗi ƙungiya ta faɗi tare da shi. Ta ce shirya wanda zai gaje ka da sauka a kan lokaci suna cikin aikin shugaba, kamar yadda kashe wuta yake cikin aikin mai girki. Na yi dariya a zuciyata, na ce baiwar Allah, ba ki san namu ba, shi kullum roƙo yake a karɓe shi. Ina cikin metro a hanyar gida maganar ta dawo mini, sai na ji dariyar ta tsaya mini a wuya. Idan roƙo yake, me ya sa har yau ba a karɓa ba?

Amsar a kicin ɗin matar Baba na same ta. Inna muke ce mata, doguwar mace marar yawan magana, wadda Hausarta ba ta taɓa barin Damagaram ba duk daɗewarta a Masar. Ran nan kunun gyaɗa muke damawa na wata mata da aka yi wa aiki, ta aike ni ɗaki in ɗauko mata fulas. Na tarar da manyan jakunkuna a ɗaure tamau an jera su jikin bango. Na fito ina tsokanarta.

"Inna, tafiya za ki yi ba sallama?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da juya kunu, ta ce, "Duk shekara idan taronku ya matso sai Malam ya ce in haɗa kaya. In haɗa. Ya je ya dawo, ya ce in kwance."

Na ce, "Wai da gaske yake yi?"

Sai ta ajiye ludayin ta dube ni. "Ke 'yar nan, da wasa kuka ɗauka? Ya gina gida a garinsu, ɗaki biyu da zaure, ko kwana ɗaya bai taɓa yi a ciki ba. Yayarsa ta tsufa, idonta ya tafi, su biyu suka rage a ɗakinsu. Likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, ya daina hawan bene. Wane bene ne bai hawa a garin nan?"

Na ce, "To Inna, me ya hana shi ya dage? Ya ce shi fa ya sauka, khalas, magana ta ƙare, kowa ya yi abin da zai yi."

"Falo guda na mutane suna roƙonka, wani har da hawaye, kai kuma ka sa ƙafa ka shure su? Malam ba zai iya ba. Ko ke ba za ki iya ba."

Na so in ce mata ni kam zan iya, amma sai na juya na zuba kunu a fulas.

Ban yarda na tsaya a maganar Inna kaɗai ba. Bayan 'yan kwanaki na haɗu da Baba a barandar wani asibiti a Mohandessin, yana zaune a benci yana mayar da numfashi, robar takardun wani majinyaci a kan cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna nesa kaɗan. Ni ba gwanar kewaye-kewaye ba ce, don haka na tambaye shi kai tsaye ko maganar da yake yi a taro har zuciyarsa take.

Da ya buɗe baki sai ya kama zancen damina, wai yanzu haka gero ya kai gwiwa a garinsu, wai rabonsa da ya ga hadari ya haɗu na gaske har ya manta. Sannan ya ce, "'Yata, mutane nawa na sa a ramin nan na bayan gari? Duk wanda na sa, sai in tuna 'ya'yansa ba za su taɓa sanin inda yake ba. Muna yi musu iya ƙoƙarinmu, kuma ƙasa duk ta Allah ce. Amma ni dai ina roƙon Allah ya sa a binne ni kusa da mahaifiyata."

Na ce, "To Baba, ka gaya musu haka mana."

"Ai ina gaya musu."

"Ba sa ji ne."

Ya yi murmushi. "Suna ƙaunata ne. Ke dai kar ki ja wa kanki magana."

Daga nan na nufi mataimakinsa. Wani Basakkwace ne mai karatun digiri na uku, natsattse, wanda kowa ya san rabin zirga-zirgar ƙungiya a ƙafarsa take. Ni da maigidana muka same shi a ƙofar ofishin ƙungiya, na zayyana masa komai. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ce, "Malama, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ni in buɗe baki in ce a ba ni? Mu da muka karanta cewa shugabanci ba a nemansa? Gobe a ce dama jira nake tsoho ya gusa."

"To idan jama'a suka ɗora maka fa?"

"Wannan daban. Idan an ɗora mini zan ɗauka. Amma bakina ba zai furta ba."

Kun ji fa. Baba ba zai dage ba don kara, jama'a ba za su karɓa ba don kara, wanda zai gaje shi ba zai motsa ba don tsoron a ce yana nema. Kowa yana da hujjarsa mai kyau, har da ta littafi, tsoho kuwa yana ta hawan bene da zuciyar da likita ya ce ta gaji. Raina ya ɓaci ƙwarai. A hanyar gida na ce wa maigidana idan ba wanda zai faɗa, ni zan faɗa. Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya gajiya. Maza sun yi shiru, sai ke?" Na ce ai shirun mazan ne ya kawo mu nan. Bai ƙara cewa komai ba har muka sauka daga mota, wanda a wurinsa hakan yana nufin na ji, amma ba da yawuna ba.

Ranar taro ta zo da zafi irin na Alƙahira, fanka tana juya iska mai ɗumi. Aka yi bayanin shekara. Baba ya dafa bango ya miƙe, na lura sai da ya yi yunƙuri biyu. Ya faɗi maganarsa yadda ya saba. Falo ya ɗauka yadda ya saba. Na bari hayaniyar ta ɗan lafa, sannan na ɗaga murya daga bayan mata.

"Baba, mun karɓa. Allah ya saka maka da alheri, ya sa aikin nan a mizaninka. Ka tafi gida ka huta. Ga mataimakinka nan, mu ɗora masa."

Wata mata da ke gefena ta mintsine ni a cinya har sai da na ji a ƙwaƙwalwata. Maza suka fara waiwayowa ɗaya bayan ɗaya, kamar an ce musu ga ɓarawo a baya. Maigidana ya kafa wa kafet ido.

Baba nake kallo. Yana tsaye, tabarau a hannu, bakinsa ya ɗan buɗe. Wallahi na ga fuskarsa ta saki, irin sakin fuskar wanda aka sauke wa kaya daga ka. Kalma biyu kawai ake bukata daga gare shi, ya ce na gode, magana ta ƙare.

Mataimakin ne ya riga shi. Ya miƙe zumbur ya ce, "Jama'a, Allah shi ne shaidata, ni ban aike ta ba. Ban nema ba, ba na so. Muddin Baba yana numfashi ba ni ba kujerarsa."

Shi ke nan, kamar an ɓalle bakin famfo. Wani ya ce wannan tarbiyyar ofisoshin Ma'adi ce, inda ake sallamar tsoho kamar an sallami direba. Wani ya ce ina maigidanta, ba ya tsawata mata ne? Dattijon nan mai hankici ya rarrafa ya kama gefen rigar Baba yana kuka da gaske, yana cewa kar ya kula da maganar mata, su ba su gaji da shi ba har abada. Na yi ƙoƙarin in ce ku tambaye shi mana, ku tambayi Inna, amma muryata ta nutse cikin tasu.

Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dubi wajen da nake, bai dai haɗa ido da ni ba. Ya ce, "Ku yi mata uzuri, yarinya ce, kuma alheri take nufi. Tunda kun nace, zan ƙara shekara ɗaya."

Aka yi kabbara. Aka shigo da farantai. Ni ko loma ban kai ba, na ɗauki jakata na sauka. A matattakala na fashe da kuka, kuma ba kukan kunya ba ne, na takaici ne. Har da Baban nake jin haushi. Na tsaya gaban jama'a na zubar da mutuncina dominsa, shi kuma ya ce yarinya ce, ni da 'ya'yana uku.

Watannin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Aka daina sa ni a rabon girki ba tare da an ce an cire ni ba. Idan na yi sallama a taron suna sai hira ta canza. Wata ƙawata ta ce mini, "Ke ma dai, ko gaskiya ce ai akwai yadda ake faɗinta." Na ce ta koya mini yadda ake faɗin, tunda shekara da shekaru ba wanda ya gano shi. Ita ma ta ɗauke mini wuta. Inna ce kaɗai ta aiko mini da kwanon dambun zogale, ba saƙon komai, na kuwa gane.

Sai da sanyi ya fara shigowa na sake haɗuwa da Baba, a bakin wani kantin magani. Na gaishe shi a daƙile zan wuce, ya ce, "'Yata, tsaya mana. Fushi ake da ni?"

Na ce, "Ni wace ce da zan yi fushi da kai, Baba? Yarinya ce fa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri. Kin buɗe mini ƙofa, ƙafata ce ta kasa. Da na ga mutumin nan yana kuka a gabana, na rasa yadda zan yi. Kuma da na amsa miki a ranar, da yaron nan mataimakina ya shiga bakin mutane, a ce da shi aka ƙulla." Ya gyara hularsa. "Baɗi ki sake faɗa. Zan shirya su kafin nan. Wannan karon zan amsa."

"In sake, su cinye ni ɗanya?"

"Ba za su iya ba, kin yi musu tauri."

Na yi masa alkawari. Na tsaya ina kallonsa yana tsallaka titi a hankali, yana ɗaga wa motoci hannu, ledar magani tana lilo a ɗaya hannun.

Bai kai baɗin ba. Wata safiya cikin tsakiyar sanyi ina ofis maigidana ya kira ni. Baba ya raka wani majinyaci ganin likita, ya gama fassara, ya fito ya zauna a matattakala ya ce bari ya huta. Nan Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda na fita daga Ma'adi ba, na dai ga kaina a gidan Inna, mata sun cika ɗaki, ita tana zaune a kan darduma da carbi, idonta a bushe.

Wani ya kawo maganar a kai shi gida a jirgi. Ba ta yi nisa ba, don Baba da kansa ya sha hana iyalan mamata wannan, yana cewa a gaggauta wa mamaci, kar a wahalar da shi da jiran jirgi da akwati. Ba mai iya yi masa abin da ya hana a yi wa wasu. Inna ta ce a yi yadda ya saba yi wa mutane.

Tsorona a ranar shi ne a bar shi ya kwana a ɗakin ajiyar gawa. Shekara nawa ina jin ana cewa ba wanda ya san hanyar takardun nan sai Baba, ba wanda mai gadin maƙabarta ke saurara sai Baba. Na zauna ina jiran a zo a ce an rasa wannan, an rufe wancan ofis, sai gobe.

Ba abin da aka rasa. Labari yana ta zuwa mana ta wayar matan ɗalibai. Mataimakin ya tsaya a ƙofar asibiti ya raba aiki, wasu suka nufi ofishin jakadanci, wasu wajen izinin binnewa, wasu suka sayo likkafani, wasu suka wuce bayan gari tun da hantsi. Kafin azahar takardu sun kammala. Aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar, jama'a har kan titi, Misirawan unguwa ma sun shiga sahu. Kafin rana ta faɗi an rufe shi an juyo. Tunda nake a ƙungiyar ban taɓa ganin jana'izar da ta tafi sumul kamar tasa ba.

Bayan magariba maza suka zo yi wa Inna gaisuwa. Suka zauna a falo, mu muna ciki, labule a tsakani. Ina jin su suna ta yaba yadda komai ya tafi, wani yana cewa kamar Baba yana tsaye a kansu. A nan zaune, kafin shayi ya huce, dattijon nan ɗan kasuwa ya ce aiki ba ya jira, akwai marasa lafiya a asibiti, ya kamata a ɗora wa mataimaki. Aka ce an yarda. Shi ma ya ce ya karɓa, Allah ya taya shi. Ba wanda ya yi gardama, ba wanda ya ce wa zai iya. Na cusa bakin mayafina a baki don kar in yi magana, don na san idan na fara ba zan tsaya ba, kuma gidan makoki ne.

Inna ce ta yi magana. Tun bayan maganar jirgi ba ta ƙara cewa komai ba sai amsa gaisuwa. Ta matsa kusa da labule ta kira sabon shugaban, ya taso ya durƙusa daga waje.

"Ɗana, wa ya karɓo takardun asibiti?"

"Mu ne, Inna."

"Na jakadanci fa?"

"Yaranmu ne suka je. Ba a ɓata musu lokaci ba."

"Mai gadin maƙabarta bai ba ku wahala ba?"

"Ko kaɗan, Inna. Ai ya san mu, mun saba zuwa." Yana maganar da muryar mai son ya kwantar wa tsohuwa da hankali. "Kar ki damu da komai. Duk mun iya, Baba ya koya mana."

"Ashe kun iya," in ji Inna. "Tun yaushe?"

"Ai mun daɗe, Inna. Shekaru ke nan."

Sai da ya faɗa ya ji abin da ya faɗa. Na ga inuwarsa a jikin labule ta sunkuya.

Inna ta ce, "To, Allah ya yi muku albarka." Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya wajen bango, a lokacin ne ta fara kuka.